Manjo Mai Dako

Duk wanda ya ce muku ginin dutse ɗora wannan ne a kan wancan, ku ba shi duwatsu uku ku koma gefe ku sha kallo. Na ji ku ranar nan, ku samarin da ke zama a gindin mangwaron ƙofar gidana a Kamazou, kuna cewa aikin Baba Girka ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai da rashin abin yi. Ban tanka ba, don a lokacin bakina cike yake da gasasshiyar masara. Yanzu na haɗiye, ga amsarku.

Bulo ɗan makaranta ne. An ɗinka masa kaya iri ɗaya da na ɗan'uwansa, ka ce ya shiga layi sai ya shiga. Dutse kuwa mutumin kasuwa ne, kowanne da halinsa. Yana da fuska, wadda zai nuna wa duniya. Yana da mazauni, inda zai zauna bai yi rawa ba. Yana da wutsiya, wadda za ka tura can cikin katanga ta kama na bayanta. Magini mai gaggawa yakan kwantar da dutse a tsawonsa don aiki ya yi sauri, ya bar cikin katangar ba abin da ya ɗaure shi. Sai ta yi kyau a hoto, bayan damina biyu ta turo ciki kamar mai juna biyu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Guduma babba ta fasawa, ƙarama ta gyaran fuska, kurfi mai tsini da mai faɗin baki, igiya, dalma a bakin zare don a gane ko katanga ta miƙe, cokalin gini, sai dogon ƙarfen da ake cusawa ƙarƙashin dutse a ɗaga shi. Sauran aikin na kunne ne. Ka ƙwanƙwasa dutse, in ya amsa kamar ƙararrawar coci, lafiyayye ne. In ya amsa kamar tsagaggen tulu, jefar da shi ko da ya fi amarya kyau.

A kan dutse aka haife ni, a wani ƙauye can kudancin jihar nan. Kakanninmu sun hau can ne saboda mahara masu dawaki. Suka ja katangu ba siminti ba laka, suka yanka gefen tsaunin hawa-hawa suka shuka acca. A wurin kakana na fara koyon juya dutse a hannu har ya gaya mini yadda yake son zama. Daga nan na tafi Jos, na faɗa hannun wani Bature ɗan Italiya mai gina gadoji. Shekarar farko bai bar ni na taɓa katanga ba, daga wasa kurfi sai ɗaukar kwanon sarki. A wurinsa na koyi sassaƙa haruffa a dutse, na kuma koyi zagi da Italiyanci, wanda har yau shi ne zagin da ya fi daɗi a baki. Aiki ya kai ni Ikko, ya kai ni Yamai, ya kai ni Garwa ta Kamaru. Ko'ina na tsinci harshe gwargwadon sayen abinci da faɗa da lebura. Ko'ina kuma na tarar da abu guda: wanda ya samu dama yana son ya zauna sama da maƙwabcinsa.

Aikin da ya jawo mini sunan da kuke tsokanata da shi ya zo ne ta hannun wani ɗan kwangila Bagirke a nan Kaduna, muna ce masa Mista Niko. Da tsufa ya kama shi, ya ce zai koma garinsu ya gina gidan da zai mutu a ciki, ga shi samarin garin duk sun tafi Jamus aikin masana'anta, ba magina. Ya yi mini takardu, muka tafi tare.

Garin ɗan ƙarami ne a bakin teku, gidaje farare masu jan rufi, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. A bayansa akwai tsauni, a kan tsaunin akwai tsohuwar ganuwa mai hasumiyoyi. Duk inda ka tsaya a garin, ko shanya kake yi a bayan ɗaki, ganuwar nan na kallonka. Na isa ba da daɗewa ba da saukar sojojinsu daga mulki, don su ma sun ɗanɗana irin tamu. Sojojin sun kafa wani ƙaton tsuntsu na ƙarfe a jikin ganuwar, alamar mulkinsu, da fitilu a kewaye don kada wani ya manta da su ko da dare. Da suka faɗi, samarin gari suka hau da igiyoyi suka fizge tsuntsun ana ta shewa. Ya sauko, amma bai sauko shi kaɗai ba. Ƙusoshinsa sun shiga katangar sosai, sai ya taho da wani ɓangare nata, duwatsun suka gangaro suka baje rumfar awakin wata tsohuwa da itatuwan zaitun ɗinta.

Wannan giɓin aka ba wani tsohon magini ya toshe, ana ce masa Barba Yanni. Barba a harshensu kamar ka ce kawu ne. Gajere, mai gashin baki kamar tsintsiya, taba ba ta barin leɓensa. Lokacin gidan Mista Niko na jiran kayan rufi, sai ya ba Barba arona. Barba ba ya jin Turanci, ni kuma Girkancina bai wuce gaisuwa da neman ƙarin burodi ba, sai muka haɗu a Italiyanci, galibi ɓangaren zagin.

Ranar farko na tambaye shi ina siminti. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya kai ni wani rami inda ya jiƙa farar ƙasar gini tun bara, ta yi laushi kamar kindirmo. Da ita da yashi muka yi kwaɓi. Ya ce siminti yana kamawa da sauri, amma ba ya sassautawa, in ƙasa ta motsa sai ya fashe ya tafi da dutsen. Farar ƙasa kuwa tana barin katanga ta yi numfashi. Jakai ne ke hawo mana da ita, ta wata hanya mai matakalai da mutanen garin suka shekara suna gardama a kan yawansu.

Tarihin ganuwar ban karanta shi a takarda ba, Barba ya nuna mini shi da bakin cokalin gini, daga ƙasa zuwa sama. A can gindi akwai duwatsu manya kamar ɗakin kwana, an haɗa su ba kwaɓi, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu. Ba wanda ya san sunan maginansu, mutanen gari cewa suke ƙattin farko ne suka jera su. Ni dai da na gan su kakana na tuna, hannu ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. A kansu akwai aikin sarakunan Kiristoci na gabas, ƙananan duwatsu da jan tubali a tsakani kamar ɗinkin ado. Sai wasu mayaƙa daga Faransa suka zo suka ƙara hasumiya. Sai 'yan kasuwar teku daga Italiya suka ƙwace, suka kaurara katangar saboda igwa, suka manna zakinsu mai fikafikai a saman ƙofa. Sai Turkawa suka kore su, suka gina masallaci da rijiyar tara ruwan sama. Da Girkawa suka karɓi ƙasarsu, wurin ya zama kurkuku. A yaƙin duniya sojojin Jamus suka zauna ciki suka zuba kankare, wanda Barba ba ya wucewa ta gabansa bai tofar da yawu ba.

Na lura ramukan bindigar da ke kallon gari sun kusa kai masu kallon teku yawa. Na tambaye shi dalili. Ya ce abokin gaba daga teku sai an shekara bai zo ba, amma mai biyan haraji kullum yana ƙasa. Na ce to wa ya ɗauko duwatsun nan duka zuwa sama? Ya nuna garin da haɓarsa. Ya ce duk sarkin da ya zo, bayan kakanninsa ne ya san nauyinsa. Shi ya sa da zarar an samu lafiya, mutane kan hau su sauko da duwatsun su gina ɗakunan girki. Rabin garin, in ji shi, ganuwa ce ta dawo gida.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dokin ƙofar shiga. Farin dutse ne mai santsi, dogo, an shimfiɗa shi a ƙasa, jakanmu na taka shi safe da yamma, wani lokaci su yi abin da jaki ke yi. Wata rana ruwan sama ya wanke shi, na ga rubutu a jiki. Barba ya ce sunan wani gwamna ne na zamanin 'yan teku, azzalumi na ƙarshe, da can dutsen a saman ƙofa yake. Na ce me ya hana waɗanda suka kore shi su farfasa sunan? Ya cire tabar daga bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Wanda suka ƙi kaɗan, shi suka fasa. Wanda suka ƙi da gaske, aiki suka ba shi."

Na dawo gida lokacin kuɗin mai na yawo a titi. Kowane babban ma'aikaci yana son gindin gidansa ya zama na dutse, ni kuma ina da hoton kaina a kan ganuwa da nake nunawa kafin a yi ciniki. Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. 'Yan kwangila suka tattara suka tafi, masaƙu suka fara rage ma'aikata, wanda ya samu buhun siminti biyu sai ya buga bulo ya huta. Akwai shekarar da ban ɗora dutse ɗaya a kan wani ba. Na koma bakin hanyar Kachiya ina fasa tsakuwa tare da mata, suna yi mini waƙa, suna cewa, "Baba Girka, haka ake yi a Turai?" Na sassaƙa duwatsun niƙa, na rubuta sunayen matattu a kan kaburbura. Matattu dai ba sa canza ra'ayi a kan haruffa, danginsu ne matsala.

Katangar Romi, wata unguwa a nan Kaduna, ita ta fitar da ni daga bakin hanya. An gina wani ɗan asibiti a kan tudu a zamanin soja, ƙasar bayansa tana zaizayewa tana gangara kan gidajen da ke ƙasa. Aka ce in ja katangar da za ta riƙe tudun. Irin wannan katanga ba ƙasa ce abokiyar gabarta ba, ruwa ne. Sai na bar mata ƙananan ramuka a jiki, na kuma yi babbar magudana a gindi inda duk ruwan tudun zai bi ya fita. A kan bakin magudanar na ɗora dutse guda, dogo, ya fi ni tsawo in na kwanta, baƙi mai santsin fuska. Mu takwas muka ja shi a kan itatuwa. Duk tsakiyar katangar a kansa take zaune.

Wani manjo ne zai buɗe asibitin. An yi odar farin allon dutse mai sunansa daga Ikko, ya iso a fashe gida uku, ga biki jibi. Wani jami'i ya zo yana zufa, ya zaga ya zaga, bai ga dutse mai faɗi da santsi ba sai na kan magudana. Na ce masa, "Yallaɓai, nan fa bakin kwata ne." Ya ce, "Manjo zai karanta sunansa ne, ba zai leƙa ƙarƙashi ba." Na tsuguna na sassaƙa suna da muƙami. Ranar biki suka toshe bakin magudanar da buhunan yashi, suka jera tukwanen furanni a gaba, suka rataya labule.

An yi ruwa da asuba, kuma ruwa ba ya jin umarni. Manjo ya ja igiyar labule, 'yan makaranta na waƙa, sai buhu ɗaya ya ba da kai. Ruwa ja ya feso ya wanke masa takalma har ƙwauri. Wuri ya yi tsit, sai mutum ɗaya ya fashe da dariya. Wani saurayi ne ma'aikacin masaƙa, sunansa Sunday, yana tsaye kusa da budurwar da yake nema.

Wani kofur ya daka tsawa, "Na who laugh?"

Aka fito da Sunday, aka sa shi ya kama kunnuwansa, ya yi ta tsallen kwaɗo daga wannan ƙarshen katangar zuwa wancan, a cikin taɓo, a gaban budurwa da iyayenta da ƙungiyar matan coci. Yarinyar dai ta aure shi daga baya, amma unguwa ba ta daina kiransa Kwaɗo ba.

Shekaru suka wuce. A 1999 sojoji suka koma bariki, kuma wa kuke tsammani ya ci kansila a wannan mazaɓar? Kwaɗo ya zama Honorabul Sunday. Tun a yaƙin neman zaɓe ya yi wa samari alkawari cewa in ya ci, da hannunsa zai fara dukan dutsen manjo, a farfasa shi a gaban jama'a, a sa nasa a wurin.

Ban san an sa rana ba sai da Maman Rahila ta zo gidana. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a gindin katangar, kusa ƙwarai, har igiyar shanyarta a jikin katangar take ɗaure. A ƙofar ɗakin take tuyar masa, da ita take riƙe da 'ya'yanta da jikoki biyu. Ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, kai ka gina abin nan. Gaya mini gaskiya. In suka cire dutsen nan ranar Asabar, me zai faru?"

Watan Agusta ne, tudun ya sha ruwa ya ƙoshi. Na ce mata, "Katangar za ta shigo ɗakinki, da tudun a bayanta."

Ta ce, "To tashi. Sa hularka."

Muka tarar da Honorabul a wurin, cikin sabuwar babbar riga, da samari huɗu riƙe da manyan guduma suna gwada inda za su fara. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce dama yana nemana, ni zan sassaƙa sabon dutsen. Na yi masa murna, sannan na bayyana masa cewa wannan dutsen ba ado ba ne, shi ke ɗauke da katangar. Ya ce ba komai, yaransa za su tokare da katako su zuba kankare daga baya. Na ce katako ba zai riƙe tudu a watan Agusta ba. Na ba shi labarin samarin Girka da tsuntsun ƙarfe da awakin tsohuwa.

Ya ce, "Baba, da girmanka, nan Romi ne. Ni ban san wata tsohuwar Girka ba. Na yi alkawari a gaban jama'a. In na fasa, gobe su ce Kwaɗo ya ji tsoron soja har bayan soja ya tafi."

Maman Rahila ta matso. Ba ta taɓa ce masa Honorabul ba, don ta san shi tun yana zuwa cin bashin masa.

Ta ce, "Sunday, ka ga wannan yatsan? Da shi na dangwala maka. Ashe rushe ɗakina na zaɓa?"

"Mama, za a duba lamarinki. Gwamnati za ta..."

"Wace gwamnati? Kai ne gwamnatin, ga ka nan da guduma. To ranar Asabar a kan dutsen nan zan ɗora tandata. Ka fara da ni."

Samarin suka fara gunaguni. Ɗaya ya ce tsofaffi ne ke hana ƙasa ci gaba. Na ga Honorabul ya shiga tsaka mai wuya. Ba mugu ba ne, amma kunya ta riƙe shi ta gaba, tsohon haushi ta baya. Irin wannan ba a ce masa ya haƙura. Sai dokin ƙofar nan ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka duba mutumin naka da kyau kafin a fara."

Ya ce, "Na rantse ba zan ƙara tsugunawa a gaban sunan nan ba."

"Kada ka tsuguna. Daga tsaye ma ana gani."

Ya matso ya leƙa. Ruwan tudu na fita ta ƙarƙashin dutsen, da na wankin asibiti, da ɓawon rake da ledoji. Gansakuka ta hau har kan muƙamin. Wata akuya ta ɗora ƙafafunta a kan sunan tana cin ciyawar da ta tsiro a tsagi.

Na ce, "Kai naka tsallen kafin la'asar ya ƙare, ka je gida ka yi wanka. Shi tun ranar yake tsugune a nan, da katanga a ka, ƙazantar unguwa na bi ta ƙarƙashin haɓarsa. Ba albashi, ba hutun shekara, ba fansho. Yanzu ka zo da guduma za ka sallame shi?"

Maman Rahila ta ce, "Ni kullum ruwan wankin tandata a fuskarsa nake watsawa. Ban ma san manjo ba ne."

Honorabul ya zuba wa akuyar ido. Na gaya masa abin da Barba Yanni ya gaya mini a ƙofar ganuwa, na kuma ce a can duk sarkin da ya ci gari ba ya tone na ƙasa, a kansa yake ɗora nasa, don mai zuwa ya san wa ya hau wa. Na ce katangar nan dama tana bukatar ƙarin tsawo saboda yara na faɗowa daga sama. A ƙara layi uku, a sa sunan Honorabul a can ƙoli, daidai saman manjo.

Ya ce, "Wato ni ma ya ɗauke ni?"

"Da kai da babbar rigarka."

Dariyar da ya yi, ita ce dai wadda ta ja masa tsallen kwaɗo, ba ta canza ba. Har ya dafa kafaɗar mai guduma.

Ranar Asabar aka cika. Honorabul ya hau tebur ya ce ya yi tunani, fasa dutsen nan gata ne, kuma mulkin farar hula ba ya kisa ba shari'a. Don haka an yanke wa manjo hukuncin dako, ba ranar fita. Jama'a suka yi ta ihu, mata na guɗa. Samarin da suka zo da guduma ba su koma da ita a banza ba, na sa su fasa mini duwatsun ƙari, biyu daga cikinsu ma suka zauna suka koyi sana'ar. Maman Rahila ta sayar da masa har ƙullu ya ƙare. Na jira damina ta wuce, na ɗora layi uku, na sassaƙa sunan Honorabul da haruffa masu girman tafin hannu. Daga nan duk sanda ya bi ta wurin a babur sai ya rage gudu ya ce wa manjo, "Oga, sannu da aiki."

Ku da kuke cewa sana'ar nan ƙarfi ce kawai, ku lura ban ɗaga ko tsakuwa ba a ranar da na yi aikin da ya fi kowanne. Magini yana gini da dutse, amma da mai katanga yake kokawa. Wani yana son ta fi ta maƙwabci tsawo, wani yana son a toshe ramukan ruwa don kada maƙiya su cusa masa asiri, wani yana son a gama jiya. Dole ka san mazaunin kowanne da wutsiyarsa, kamar dai dutsen.

Bayan wasu zaɓuɓɓuka, Honorabul ya faɗi. Wata malamar makaranta ta kayar da shi, ta kuma samo kuɗin kewaye asibitin da shinge. Shingen a kan katangata zai zauna, da ɗan allo mai sunanta a sama. Ina tsaye a wurin ina aune-aune sai ga Sunday a ƙafa, babur ɗin ma an sayar, yana haki.

Ya ce, "Baba, me nake ji? A kaina za a ɗora?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai haka katanga ke yin tsawo."

"Amma ni farar hula ne!"

"Dutse bai san hula ba."

Maman Rahila tana juya masa a tanda, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Honorabul." Ranar ce ta fara kiransa da wannan suna.

Ya tsaya ya dubi sunansa a sama, ya dubi tulin duwatsun da za a ɗora masa. Sannan ya tattare rigarsa, ya yi abin da ya rantse ba zai ƙara yi ba. Ya tsuguna a bakin magudana, ya sa hannu ya share gansakukar da ke kan muƙamin.

Ya ce, "Oga, matsa mini kaɗan. Ashe haka nauyin yake."